Na faɗi 20 alhali na san 19 ne

Ni mai in'ina ne. Da ita na buɗi ido, kuma har yau da nake da shekara 33 ba mu rabu ba. Na daɗe ina son ba da labarin abin da ya same ni a wata intabiyu ta neman aiki a kamfanin ba da shawara kan harkokin kasuwanci, amma duk sanda na zauna zan rubuta sai jikina ya yi sanyi. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne wani matashi da na gani kwanakin baya a ɗakin jira na ofishinmu, yana zaune shi kaɗai yana motsa leɓɓa, yana ta maimaita sunansa a hankali kafin a kira shi. Ban tambayi kowa ba na san abin da yake yi, domin na yi shekara da shekaru ina yin haka.

Mahaifiyata ta ce ina ɗan shekara huɗu ta fara lura maganata tana sarƙewa. Kowa ya ce mata ta kwantar da hankalinta, zai wuce. Ba ƙarya suka yi ba, domin yawancin yaran da suka fara in'ina tana barin su kafin su girma. Ni dai ina cikin waɗanda ta zauna wa, wato kusan mutum 1 cikin kowane 100 na manya, kuma maza sun fi mata yawa a ciki. A firamare babu abin da nake tsoro irin kiran rajista. Malami yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina ƙirga saura mutum nawa a zo kaina, gabana yana dukan uku-uku. In an zo karatu a bayyane, sai in lissafa layin da zai faɗo kaina, in yi ta bitar sa a zuci har ban san abin da sauran suke karantawa ba. Idan lokacin ya yi kuma harafin farko ya ƙi fita, ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan wani daga baya ya kwaikwaye ni, a fashe da dariya.

Lissafi ne ya zame min mafaka. Shi ba ya neman baki. Ka rubuta amsarka a takarda, malami ya duba ya ba ka makinka, babu wanda ya ji muryarka. Da haka na zama yaron da ake nunawa a darasin lissafi, wanda kuma ba a jin ɗuriyarsa a sauran darussa.

Kafin in gama sakandare na ƙware a wata dabara da duk mai in'ina ya san ta: canza kalma. Ina cikin magana nakan hango kalmar da za ta maƙale tun kafin in iso gare ta, sai in yi mata kwana in ɗauko 'yar'uwarta mai sauƙin fita. In babu 'yar'uwa, in sake jimlar gaba ɗaya. In hakan ma ya gagara, in yi kamar na manta abin da zan ce. Na sha gaya wa direba ya sauke ni a wurin da ba nan za ni ba, don kawai sunan wurin ya fi sauƙin faɗa, in ƙarasa sauran tafiyar a ƙafa. Dabarar ta yi aiki har wasu abokaina na jami'a ba su taɓa sanin ina da in'ina ba. Suna cewa ni mutum ne mai kawaici, mai auna magana kafin ya yi ta. Ina jin daɗin wannan yabo, ban kuma taɓa zama na lissafa abin da nake biya kafin in same shi ba.

Na karanta tattalin arziki da ƙididdiga. Ina shekarar ƙarshe Allah ya yi wa mahaifina rasuwa bayan gajeriyar jinya. Ni ne babban namiji a ɗakinmu, akwai yayata mace guda da ƙanne huɗu a bayana. Na fita da sakamako mai kyau, amma sai da na yi shekara biyu ina aikin wucin gadi na shigar da bayanai a kwamfuta, aikin da na zaɓa da kaina saboda ba a magana a cikinsa. Abin da nake samu bai kai ya riƙe ni ba, balle gida.

Wani abokina da muka yi aji ɗaya shi ya fara yi min maganar kamfanonin ba da shawara. Ya ce irin waɗannan kamfanoni ba sa sayar da kaya, tunani suke sayarwa. Banki ko masana'anta ko ma'aikatar gwamnati za ta ga ribarta tana raguwa, ko tana son shiga sabuwar kasuwa, ko aikinta ya cuɗe, sai ta ɗauko ayarin mutum huɗu ko biyar daga waje su zauna da ita na wasu watanni, su tattara alƙaluma, su yi hira da ma'aikata, su fito da shawara. Ya ce, “Kai da lissafi yake hannunka, wannan aikin naka ne.”

Na shiga intanet na yi ta karatu kamar zan rubuta jarrabawa a kai. Na karanta tarihin manyan kamfanonin wannan sana'a: yadda James McKinsey, malamin ilimin akanta a Jami'ar Shikago, ya kafa kamfaninsa a 1926, da yadda Bruce Henderson ya kafa kamfanin Boston Consulting Group, wato BCG, a birnin Boston a 1963, da yadda Bill Bain ya bar BCG ya kafa nasa a 1973. A nan na fara cin karo da irin intabiyun da suka shahara da ita, wadda ƙananan kamfanoni ma suka ɗauka. Ba tambayar “me ka karanta” ba ce kawai. Za a ɗora maka matsalar wani kamfani a gabanka, irin yadda ake koyar da ɗalibai a makarantar kasuwanci ta Harvard, a ce ka warware ta nan take, kai da mai yi maka tambaya. Na karanta wannan duka, amma idona ya tsaya a kan kalmar “warware”. Na ce a raina ai warware matsala ita ce sana'ata tun ina yaro. Ban tsaya na ga cewa da baki ake warware ta ba.

Kamfanin da na nema matsakaici ne, ba ya cikin waɗancan manya, kuma ba zan ambaci sunansa ba. Na tura takarduna, suka kira ni jarrabawar kwamfuta ta lissafi da karanta jadawali, na wuce ba tare da wahala ba. Bayan mako biyu aka gayyace ni zagayen farko: intabiyu biyu a jere, kowace minti 45. Ina da shekara 26 a lokacin. Daren ranar mahaifiyata ta goge min rigata da hannunta, ta ƙi bari ƙanwata ta taɓa.

Wadda ta fara ganina wata manaja ce, mai sakin fuska. Da Turanci aka yi komai. Minti goma na farko ta tambaye ni tarihina da dalilin da ya sa nake son aikin. Waɗannan amsoshi na haddace su tun a gida, na tace duk kalmar da za ta iya kama min harshe, don haka suka fita sumul. Sai ta gyara zama ta ce to, ga matsala. Wani kamfanin fenti ne ya zo gare mu. Cinikinsa ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 a shekara guda, amma ribarsa ta ragu. Shugaban kamfanin yana son ya san dalili.

Na sunkuyar da kai na fara rubutu. Riba ita ce kuɗin da ya shigo a cire kuɗin da aka kashe. Kuɗin shiga shi ne farashi sau yawan abin da aka sayar. Kuɗin kashewa kashi biyu ne, akwai wanda ba ya motsi kamar haya da albashi, akwai wanda yake hawa da sauka tare da yawan kaya kamar sinadarai da sufuri. Duk na zana wannan a takarda, tsaf. Abin da ban yi ba shi ne in gaya mata. Ina ta rubutu, ita kuma tana kallon tsakiyar kaina. Da shirun ya yi yawa ta ce, “Me kake tunani? Ina so in ji.” Na ɗago na ce ina duba kuɗin kashewa. Kalma huɗu, na koma kan takarda.

Ta yi min adalci, ta miƙo min jadawali. Kamfanin yana da fenti iri biyu. Mai tsada yana barin ribar 30 a kowane 100 na ciniki, mai araha yana barin 10. Bara, cikin cinikin 100, mai tsada ya kawo 60, mai araha 40. Bana cinikin ya kai 110, amma mai tsada ya sauko zuwa 40, mai araha ya haura zuwa 70. Ina ganin jadawalin na gane komai. Masu saye ne suka karkata zuwa mai araha. Ribar bara 18 da 4, wato 22. Ta bana 12 da 7, wato 19. Ban yi rabin minti ba na rubuta 19 na zagaye ta da biro.

Ta ce, “To, nawa ce ribar bana?”

A Turanci kalmar 19 da harafin n take farawa, kuma yana cikin haruffan da suka fi riƙe min harshe. Na buɗe baki na ji harshena ya manne a dasashi. Iska ta tsaya a ƙirjina. Na san abin da zai biyo baya in na matsa: fuskata za ta yamutse, idanuna su rufe, sautin ya yi ta ja kamar ba zai ƙare ba. Cikin daƙiƙa biyun nan ƙwaƙwalwata ta yi abin da ta saba yi shekara ashirin, ta shiga neman 'yar'uwar kalmar. Amma lamba ba ta da 'yar'uwa. Ko 19 ce ko ba ita ba ce. Duk da haka na ji bakina ya ce, “Kamar 20.”

Ta dube ni ta ce, “20 daidai?” Takardar tana gabana, 19 a zagaye, hannuna a kanta. Da na juya mata ita ta gani, da shi ke nan. Na gyaɗa kai na ce e.

Har yau idan na tuna wannan gyaɗa kai sai in ji wani abu ya tokare min wuya. Ta ce in sake dubawa. Na yi kamar ina sake lissafi, gumi yana bin bayana, daga ƙarshe ita ce ta faɗi lambar. Sauran lokacin ya wuce ina ba da guntayen amsoshi. Intabiyu ta biyu ban ma iya tuna me aka tambaye ni ba. Da na fito na ninke takardar na sa a aljihu, ban san me ya sa ba, kuma tana nan a wurina har yanzu.

Bayan kwana uku manajar ta kira ni da kanta, kamar yadda irin waɗannan kamfanoni sukan yi, ta gaya min ba su ɗauke ni ba, ta kuma ba ni dalili. Ta ce abu biyu ne. Na farko, ba ta iya ganin yadda nake tunani ba, domin ban faɗa ba. Na biyu, akwai rauni a lissafina, ya kamata in ƙara yin atisaye. Na yi mata godiya na kashe waya. Rauni a lissafi. Abu ɗaya da nake taƙama da shi a duniya, shi aka ce ba ni da shi, kuma ba ta yi min ƙazafi ba, abin da na nuna mata ke nan. Na zaɓi a ɗauke ni wanda bai iya lissafi ba a kan a gan ni ina in'ina. Sai a ranar na san girman tsoron da nake ɗauke da shi.

Watanni ukun da suka biyo baya su ne mafi duhu a rayuwata bayan rasuwar mahaifina. Ina zuwa aiki in dawo in rufe ɗaki. Na daina ɗaga waya. Abokin nan nawa ya yi ta kira har ya gaji. A gida na ce musu wasu ne suka fi ni, kowa ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da dare sai in kwanta ina maimaita kalmar nan ni kaɗai, tana fita lafiya lau, sau goma, sau ashirin, domin in'ina ba ta cika kama mutum yana shi kaɗai ba. Wannan ya fi komai ci min rai.

Yayata ce ta fasa ƙwan. Ta zo gida wata ranar hutu ta same ni a ɗaki, ta zauna bakin gado ta ce ba za ta tashi ba sai na gaya mata gaskiya. Na ɗauko takardar na nuna mata, na ba ta labarin tun daga farko, ina in'ina sosai, ban ɓoye ba domin na gaji. Ta daɗe tana kallon lambar da na zagaye. Sai ta ce, “Ƙanena, ashe duk shekarun nan kai kaɗai kake dakon wannan kaya?” Na ce, “Yaya, ban san yadda zan faɗa ba.” Mahaifiyarmu tana bakin ƙofa, ashe ta ji komai. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce Annabi Musa, alaihis salam, da aka aike shi wurin Fir'auna, sai da ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa, kuma bai fasa zuwa ba. Ta ce in riƙe wannan addu'a, sannan in nemi masu ilimin abin. Yayata ce ta ɗauki nauyin kuɗin.

Haka na fara zuwa wurin wata ƙwararriya kan matsalolin magana. Na je da fatan za ta cire min in'ina. A zama na farko ta gaya min ba za ta yi min wannan alƙawari ba, domin ga wanda ya girma da ita babu wani magani da yake kawar da ita gaba ɗaya, amma ana iya rage nauyinta ƙwarai. Ta ba ni misalin da wani masani ɗan Amurka, Joseph Sheehan, wanda shi ma mai in'ina ne, ya shahara da shi: in'ina kamar ƙaton dutsen ƙanƙara ce a teku. Ɗan abin da ya fito saman ruwa shi ne sarƙewar da mutane suke ji. Babban ɓangaren yana ƙasa, wato tsoro da kunya da gudun kalmomi da gudun mutane. Ta ce ni na yi ƙoƙari na danne na saman har ya kusa ɓacewa, shi ya sa na ƙasan ya yi girman da ya kifar da ni.

Aikin da ta ba ni ya fi kowace jarrabawa wuya. Na farko, in daina canza kalma, duk wadda ta zo ita zan faɗa ko za ta ɗauki minti guda. Na biyu, in riƙa kiran waya sau biyar a rana, in tambayi ofisoshi lokacin buɗewa ko wani ƙaramin abu. Na uku, wanda na ƙi yi har mako biyu, in riƙa yin in'ina da gangan a kan kalmar da ba ta kama ni ba, ina kallon idon mutum, don in ga cewa sama ba ta faɗowa. Wasu sun kashe min waya. Wani ya yi dariya. Amma mafi yawa jira kawai suka yi, suka amsa min, suka ci gaba da harkarsu. Ta kuma koya min yadda zan sassauta harshe da leɓe idan na maƙale, in zame cikin sautin a hankali maimakon in yi ta kokawa da shi.

A gefe guda na koma wurin abokina na ba shi haƙuri, muka fara atisayen warware matsala ta waya, dare uku a mako. Na riƙa ƙirgawa, mun yi guda 46. A nan na fahimci abin da manajar nan take nufi da maganarta ta farko. Mai yi maka tambaya ya riga ya san amsa, tana rubuce a gabansa. Abin da yake son gani shi ne yadda za ka kasance ranar da aka zaunar da kai gaban shugaban wani kamfani da ya biya kuɗi mai yawa. Shi ya sa ake so ka maimaita tambayar da bakinka don a tabbatar kun fahimci juna, ka yi tambaya a kan abin da bai fito fili ba, ka nemi minti ɗaya ka tsara tunaninka, sannan ka juya takardar ka nuna masa rassan da ka raba matsalar. Rassan kada su hau kan juna, kada kuma a bar wani a baya, ƙa'idar da ake dangantawa da Barbara Minto tun zamanin da take aiki a McKinsey. Lissafi ma a bayyane ake yin sa, mataki mataki, ta yadda in ka kauce za a iya dawo da kai. A ƙarshe ka fara da shawararka, dalilai su biyo baya. Duk wannan magana ce. Wanda ya yi shiru ya fito da amsa daidai bai ba mai tambaya abin da zai auna ba. A ganina tsarin yana da tsauri ga irinmu, da ma duk wanda tunaninsa ya fi tafiya a rubuce, amma bayan na shiga aikin na ga ba don mugunta aka yi shi haka ba.

Wata 14 bayan faɗuwata na nemi wani kamfanin daban. Na sake wuce jarrabawar kwamfuta. Shawarar da ta hana ni barci ita ce ko in gaya musu ko kada in gaya. Abokina yana ganin kada in ba su dalilin da za su ajiye ni tun kafin a fara. Malamar maganata ta ce zaɓi nawa ne, amma in tuna abin da ɓoyewa ta jawo min. Na yi ta juya abin har asubar ranar.

Wani mutum ne mai furfura a gefen kai ya karɓe ni. Bayan mun gaisa na ce, “Yallaɓai, kafin mu fara, ina da in'ina. Wani lokaci kalma takan tsaya min, musamman lambobi. In hakan ta faru na san abin da zan faɗa, lokaci kawai nake buƙata.” A kan kalmar in'ina ɗin ma sai da na maƙale. Ya ce ya gode da na gaya masa, ya tambaye ni ko akwai abin da zai yi ya taimaka. Na ce ya bar ni in ƙarasa da kaina kawai. Ya ce an gama. Wani nauyi da na shigo da shi ya sauka daga kafaɗata tun kafin a yi tambaya ta farko.

Ya ce in ƙiyasta tayoyin ƙananan motoci nawa ake sayarwa a shekara a wata ƙasa mai mutum miliyan 50. Irin wannan tambaya ba a neman ainihin adadi, hanyar da ka bi ake dubawa. Na tambaye shi ko da tayoyin sababbin motoci, ya ce na canji kawai. Na ce zan ɗauka kowane gida mutum 5 ne, gidaje miliyan 10 ke nan. In gida 1 cikin 5 yana da mota, motoci miliyan 2. Kowace taya 4, tayoyi miliyan 8 a kan titi. In ana canza su duk bayan shekara 2, to a shekara... nan ta kama ni. Harafin farko na lambar ya tsaya cak. Na ji tsohuwar hanyar tana kira na, in ce “kusan” wani abu in wuce. Ban bi ta ba. Na bar idona a kan nasa, na sassauta leɓena kamar yadda aka koya min, sautin ya yi ta ja. Ina jin ya kai daƙiƙa bakwai ko takwas. Bai kawar da kai ba, bai ƙarasa min ba. Daga ƙarshe ta fita: miliyan 4. Ya ce madalla, me na bari a baya? Na ce motocin haya da na kamfanoni, waɗanda suke cin taya fiye da na gida, muka ci gaba.

A zagayen ƙarshe ɗaya daga cikin masu hannun jari a kamfanin ce ta gan ni. Bayan mun gama matsalar da ta ba ni, ta ce za ta yi min tambaya kai tsaye, in ban so ba kada in amsa: yaya zan yi ranar da na tsaya gaban manyan wani kamfani kalma ta ƙi fita? Na ce zan yi abin da na yi a gabanta sau uku a cikin wannan awa, in tsaya har ta fito. Sannan na ba ta labarin 19 da 20. Na ce na taɓa faɗin lambar da na san ba daidai ba ce don in tsira da mutuncina, na kuma ga abin da hakan ya haifar, ba zan sake yi wa kowa haka ba, balle wanda zai yanke shawara a kan lambar da na ba shi. Ta rubuta wani abu a takardarta, ba ta ce komai ba.

Kwana shida na yi ina jira. Da kiran ya zo ina tsakar gida, mahaifiyata tana shanya. Na ji an ce suna farin cikin ba ni aikin, na buɗe baki zan yi godiya, kalmar ta maƙale, mai kiran ya jira ni har na faɗe ta. Da na ajiye wayar na ce, “Umma, sun ɗauke ni.” Ta saki rigar da ke hannunta a cikin bokiti, ta ɗaga hannuwanta sama, ta daɗe ba ta sauke ba.

Shekara shida ke nan ina wannan aiki. Ba zan ce komai ya zama daidai ba. Akwai makon da harshena yake sakewa, akwai makon da gajiya da rashin barci suke sa kowace jimla ta zama hawan dutse. Taro ta waya, inda ba a ganin fuska, har yanzu yana ba ni wahala, domin in na maƙale sai wani ya ɗauka layin ne ya yanke. Na taɓa aiki da wani babban jami'i da ya riƙa ƙarasa min magana wata uku cur, kuma sau da yawa ba abin da zan faɗa yake faɗa ba. Sai da na same shi shi kaɗai na roƙe shi ya daina, ya kuwa daina. Ƙannena biyu sun gama jami'a. Duk ranar 22 ga Oktoba, ranar wayar da kai kan in'ina ta duniya, nakan tura wa malamar maganata saƙon gaisuwa.

Yanzu ni ma ina cikin masu yi wa sababbi intabiyu. Matashin nan da na gani a ɗakin jira, ni aka ba shi. Da ya shigo ya zauna, na gabatar da kaina, na bar in'inata ta fito a kan sunana ban danne ta ba. Na ga ya ɗago kai da sauri ya dube ni. Na karanta masa matsalar, ya nemi minti ɗaya, ya zana rassansa, ya juyo min da takardar. Muka kai wurin lissafi, na ga ya rubuta lamba ya zagaye ta. Na tambaye shi nawa ya samu. Leɓɓansa suka haɗe, idonsa ya fara neman hanyar fita. Na ajiye birona a kan tebur, na jingina da kujera, na ce masa, “Muna da lokaci.” Ya ja numfashi, ya fara, sautin ya tsaya, ya sake farawa. Lambar da ya faɗa ita ce a rubuce a takardarsa.